CCTDI: Ma'aunin Niyyar Tantance Magana, Inda Yake da Amfani da Inda Bai Kamata a Kai Shi Ba

Kusan kowace jami'a da kowace kwalejin koyon aikin jinya tana rubutawa a kundin manufofinta cewa burinta shi ne yaye ɗalibai masu zurfin tunani, waɗanda ba sa karɓar magana sai sun auna hujjarta. Rubuta wannan a takarda ba ya da wuya, amma idan aka tambayi shugabannin makaranta ta yaya suka san burin ya cika, a nan ne bakin mutane da yawa ke mutuwa. Daga cikin kayan awon da ake sayarwa domin amsa wannan tambaya akwai California Critical Thinking Disposition Inventory, wanda aka fi sani da CCTDI, kuma kamfanin Insight Assessment na jihar Kalifoniya a Amurka ne ke sayar da shi. Abin da ya bambanta shi da sauran jarrabawowin tunani shi ne bai damu da ko mutum ya iya warware matsala ba. Abin da yake nema shi ne ko mutum yana da niyya da karkatar zuciya zuwa ga yin amfani da hankalinsa a lokacin da ake bukatar hakan. Ra'ayina a kansa, bayan na amsa shi kuma na bibiyi abin da masu bincike suka rubuta, shi ne kaya ne mai kyau ga malamin da yake son sanin halin ajinsa, amma zalunci ne a ɗora shi a kan mutum ɗaya domin a yanke masa hukuncin samun gurbin karatu ko aiki.

Asalinsa yana komawa ga wani aiki da Ƙungiyar Masana Falsafa ta Amurka ta ɗauki nauyi, inda Peter Facione ya jagoranci masana 46, kusan rabinsu malaman falsafa, sauran kuma daga fannin ilimi da kimiyyar zamantakewa da kimiyyar zahiri. Daga 1988 zuwa 1989 suka yi ta musayar ra'ayi a rubuce, zagaye bayan zagaye, ta hanyar da ake kira tsarin Delphi, har suka cimma matsaya a kan ma'anar tunanin tantancewa, aka kuma fitar da rahoton a 1990. Rahoton ya lissafa ƙwarewa shida, wato fassara bayani, warware shi, auna ingancinsa, ciro sakamako daga gare shi, bayyana dalili, da kuma sa ido a kan tunanin kai. Sai dai masanan ba su tsaya nan ba, sun ƙara da siffanta irin mutumin da ya cancanci a kira shi mai tunani na gari: mai yawan son sani, mai adalci wajen auna hujja, mai gaskiya wajen fuskantar son ransa, mai shirin sake duba matsayinsa. Daga wannan siffantawa ce Peter Facione da Noreen Facione, wadda ita masaniyar aikin jinya ce, suka gina CCTDI, suka gwada jumloli 150 a kan ɗalibai, suka tace su zuwa 75, suka fitar da shi a 1992. Tun kafin nan, a 1990, an riga an fitar da ɗan'uwansa mai auna ƙwarewa, wato California Critical Thinking Skills Test, don haka an yi su ne domin su tafi tare.

Hikimar raba niyya da iyawa ita ce babbar gudummawar wannan ma'auni, kuma a nan ya kamata a yaba masa ba tare da rowa ba. A ɗauki ma'aikaciyar jinya da ke aikin dare a ɗakin yara, an miƙo mata takardar magani, ta ga adadin da aka rubuta ya ninka abin da ya dace da nauyin yaron sau goma saboda an ajiye ɗigon da ke raba lambobi a inda bai kamata ba. Ta iya lissafin, ta ci jarrabawarsa a makaranta, kuma idan aka ba ta shi a takarda za ta gano kuskuren nan take. Abin da zai ceci yaron a wannan dare shi ne ko tana da ɗabi'ar tsayawa ta sake duba abin da ya zo daga sama, da kuma ko za ta iya ɗaga waya ta tashi likita daga barci ta ce, "Likita, don Allah a sake duba wannan adadin." Jarrabawar ƙwarewa ba ta ganin wannan ɓangare ko kaɗan, domin a zauren jarrabawa an riga an gaya wa kowa cewa ga matsala, a yi tunani. Binciken da su Facione suka yi da kansu ya nuna cewa alaƙar da ke tsakanin makin ƙwarewa da makin niyya tana nan amma mai rauni ce, wato ana samun gwani marar niyya, ana kuma samun mai niyya da bai ƙware ba. Ba abin mamaki ba ne da makarantun jinya na Amurka suka fi kowa rungumar ma'aunin, musamman da yake a farkon shekarun 1990 hukumar da ke tantance kwasa-kwasansu ta sa tunanin tantancewa cikin abubuwan da dole makaranta ta nuna cewa ɗalibanta sun samu.

Amsa shi ba ya da wahala. Makaranta ko ma'aikata ce ke sayen damar amfani gwargwadon yawan waɗanda za su amsa, a ba kowa bayanan shiga, ya zauna gaban kwamfuta ko ya yi amfani da wayarsa. Jumloli ne gajeru suke fitowa, irin maganganun da mutum zai iya ji a wurin hira, wasu a kan yadda kake ɗaukar ra'ayin da ya saɓa wa naka, wasu a kan ko kana tsara aikinka kafin ka fara, wasu a kan ko kana jin daɗin koyon abin da ba za ka ci moriyarsa nan kusa ba. A gaban kowace jumla akwai zaɓi shida, daga "na yarda ƙwarai" zuwa "ban yarda ba sam", kuma babu zaɓin tsakiya, saboda haka dole ka karkata ko da kaɗan ne zuwa wani ɓangare. Wannan tsari ya burge ni, domin yana toshe hanyar da mutane suka saba bi ta zame wa tambaya. Babu lissafi, babu dogon karatu, babu bukatar sanin wani fanni, kuma rabin sa'a ta isa, galibi ma ba a kaiwa. Da an gama sakamako yake fitowa, mai kula da jarrabawar kuma ya samu jimillar bayanan rukunin da zai iya zubawa a manhajar lissafi ya yi nazari.

Makin ya kasu kashi bakwai. Akwai neman gaskiya da buɗaɗɗen tunani, kowanne da jumloli 12. Akwai hangen abin da zai biyo baya da kuma bin tsari wajen bincike, kowanne da 11. Akwai son sani da balagar hukunci, kowanne da 10. Sai amincewa da ƙarfin tunanin kai mai jumloli 9. Kowane kashi ana ba shi maki daga 10 zuwa 60, jimilla kuma daga 70 zuwa 420. Wanda ya samu ƙasa da 30 a wani kashi ana ɗaukarsa mai ƙyamar wannan ɗabi'a, daga 30 zuwa 40 mai kai-kawo ne, daga 40 zuwa sama ya karkata gare ta, wanda ya kai 50 kuwa ta zauna masa sosai. A jimilla, 280 ita ce iyakar da masu bincike suka saba amfani da ita wajen cewa mutum ko rukuni yana da kyakkyawar niyya. Shawarata ga duk wanda zai karanta sakamako ita ce kada jimillar ta ɗauke masa hankali, domin mutum yana iya haura 280 da ƙarfin son sani da yarda da kai alhali a wurin neman gaskiya yana can ƙasa, kuma wannan shi ne haɗin da ya fi haɗari: mai kuzari, mai tabbaci da kansa, wanda hujja ba ta juya shi.

Kashin neman gaskiya shi ne zuciyar ma'aunin, kuma da shi kaɗai aka sayar mini da na ce kuɗina bai tafi a banza ba. Abin da yake ƙoƙarin kamawa shi ne ko mutum zai bi hujja duk inda ta kai shi, ko da ta kai shi ga rushe abin da ya daɗe yana riƙe da shi, ko ta taɓa maslaharsa. Wannan ya bambanta da buɗaɗɗen tunani, wanda shi haƙuri ne da ra'ayin wasu da ba su damar faɗin nasu. Mutum yana iya zama mai sauraro, mai fara'a, mai cewa kowa da fahimtarsa, amma a cikin ransa ya ƙudurta cewa babu abin da zai ji da zai sa ya sauya. Abin da ya fi jan hankali a tarihin amfani da CCTDI shi ne, a bincike bayan bincike, a Amurka da wajenta, neman gaskiya ne yake yawan zuwa a ƙarshe cikin kashi bakwai ɗin, sau da yawa ƙasa da 40, yayin da son sani ke yawan kasancewa a sama. Ma'anar wannan ita ce ɗalibai suna son su san abubuwa da yawa, amma ba su shirya wa sanin da zai ci karo da abin da suke so ba. Duk malamin da ya taɓa duba kundin binciken ɗalibi na shekarar ƙarshe ya san wannan hali: an yanke hukunci tun a babi na ɗaya, sauran babukan kuma tattara shaidun da za su goyi bayansa ne, duk abin da ya saɓa an kawar da kai. Samun lambar da za a ajiye a gaban taron malamai a ce ga inda muke da rauni abu ne mai daraja, domin yana fitar da magana daga zargi zuwa abin da za a iya yi wa aiki.

Kashin balagar hukunci ma ya cancanci yabo, saboda yana duba ko mutum ya gane cewa wasu matsaloli suna da mafita fiye da ɗaya, kuma wani lokaci dole a yanke shawara kafin a samu cikakken tabbaci. Likita da alƙali da shugaban makaranta duk a cikin wannan hali suke aiki kullum. Bin tsari da hangen gaba kuwa suna da amfani, sai dai ba su kawo wani abin da malami mai lura ba zai gani da idonsa ba.

Inda ma'aunin yake da rauni na asali shi ne duk abin da ya sani game da mutum, mutumin ne ya faɗa masa. Ba ya kallon ka kana muhawara, ba ya ganin yadda fuskarka ke sauyawa idan ƙaraminka ya gyara maka kuskure a gaban jama'a. Tambayarka kawai yake yi ko kai mai karɓar gyara ne. Bahaushe ya riga ya ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, kuma babu inda wannan magana ta fi aiki kamar a sha'anin son rai a tunani, domin wanda ya fi kowa kafewa a kan ra'ayinsa shi ne sau da yawa yake ganin babu mai adalci kamarsa. Zai amsa da zuciya ɗaya, ba tare da niyyar yaudara ba, cewa yana bin hujja duk inda ta nufa. Mai tawali'u kuwa, wanda ya san zuciyarsa tana karkata kuma yake yaƙi da hakan kullum, yana iya amsawa da cewa lallai yakan sha wuya wajen yin adalci idan ana maganar ra'ayinsa, sai makinsa ya sauka saboda gaskiyar da ya faɗa. Wannan matsala ta fi tsanani a kashin amincewa da tunanin kai. A 1999 David Dunning da Justin Kruger na jami'ar Cornell sun nuna cewa waɗanda suka fi samun ƙaramin maki a jarrabawar mantiki su ne suka fi zuzuta ƙoƙarinsu fiye da yadda yake. Babban maki a wannan kashi yana iya zama alamar gwaninta da ta san kanta, yana kuma iya zama alamar jahilcin da bai san kansa ba, kuma takardar sakamako ita kaɗai ba ta isa ta bambance su ba. Dole sai an haɗa da makin ƙwarewa, wanda shi kuma wani kuɗin ne daban.

Wannan ya shafi mai amsawa da gaskiya ne. Idan kuma aka ɗora wa jarrabawar wata riba, kamar gurbin karatu ko ƙarin girma, lamarin ya sake lalacewa. Masu tsara ta sun yi ƙoƙari, sun cakuɗa jumlolin, sun juya da yawa daga ciki ta yadda rashin yarda ne ke kawo maki, amma mai neman aiki da ya san ana neman masu zurfin tunani ba zai rasa gane amsar da ake so a mafi yawan wurare ba. Tamkar ka tambayi tela ana saura mako guda Sallah ko yana cika alkawari ne. Amsar da za ka ji ba ta dogara da halinsa ba, ta dogara ne da ɗinkin da yake son ka ba shi. Kamfanin yana tallata kayansa ga masu ɗaukar ɗalibai da ma'aikata, kuma a nan ne na rabu da shi. Ma'aunin da mai wayo zai iya ɗaga makinsa da gangan, mai gaskiya kuma ya sauke nasa da gaskiyarsa, bai dace ya tsaya a ƙofar shiga makaranta ba.

Akwai kuma wani gurbi da David Perkins da Eileen Jay da Shari Tishman na jami'ar Harvard suka fito da shi a 1993, inda suka ce ɗabi'ar tunani tana da ƙafa uku: iyawa, da karkatar zuciya, da kuma farga, wato lura da cewa wannan lokaci ne da ya kamata a tsaya a yi tunani. Binciken da suka yi daga baya ya nuna cewa a wurin farga ne mutane suka fi faɗuwa. Saƙo yana shigowa a WhatsApp cewa wani ganye yana warkar da ciwon suga, mutum mai ilimi da kyakkyawar niyya ya tura wa danginsa cikin daƙiƙa kaɗan, ba don ya ƙi tunani ba, sai don ko kaɗan bai zo masa a rai cewa a nan akwai abin tantancewa ba. CCTDI ba shi da hanyar auna wannan kai tsaye, domin jumlar da za ka yarda ko ka ƙi ba ta iya ɓoye maka tarko ta ga ko za ka lura.

Masana awon halayya su ma sun taɓa ma'aunin a wani wuri mai muhimmanci, wato ko da gaske ɗabi'u bakwai ne masu zaman kansu. Su Facione sun ba da rahoton daidaiton ciki, wato yadda jumlolin suke tafiya tare wajen auna abu ɗaya, inda 1 ne matuƙa, na kusan 0.90 ga jimillar, da 0.71 zuwa 0.80 ga kashe-kashen, kuma waɗannan lambobi ne masu kyau. Sai dai da wasu suka sake gwadawa a kan wasu ɗalibai, rabon bakwai ɗin bai riƙa fitowa yadda aka tsara ba. A 2007 Catherine Walsh da abokan aikinta sun sake nazarin amsoshin ɗalibai, suka ga jumloli 25 ne kawai suka tsaya da kyau, a ƙarƙashin rukuni huɗu. A Turkiyya, fassarar da Doğan Kökdemir ya daidaita a 2003 ta ƙare da jumloli 51 da kashi shida, kuma ita ce masu bincike da yawa a can suka ci gaba da amfani da ita. Wannan ba ya nufin ma'aunin banza ne, amma yana nufin bambancin maki biyu ko uku tsakanin wannan kashi da wancan ba abin da za a gina hukunci a kai ba ne, ballantana a kira ɗalibi ofis a ce masa ba shi da balagar hukunci.

Batun harshe da al'ada shi ne ya fi shafar duk wata makaranta tamu da ke tunanin sayensa. A 2003 Agnes Tiwari da abokan aikinta sun kwatanta ɗaliban jinya na Hong Kong da na Ostireliya, matsakaicin makin na Hong Kong ya tsaya ƙasa da 280, na Ostireliya kuma ya haura. Mai gaggawa zai ce waɗancan ba sa son tunani, amma tambayar da ta fi dacewa ita ce ko jumlolin suna nufin abu ɗaya ga ɓangarorin biyu. An gina su ne a kan ɗaliban Arewacin Amurka, inda faɗin "ina da ƙarfin tunani" ba abin kunya ba ne, inda kuma musu da malami a aji alamar ƙwazo ce. A wurinmu an rene mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, kuma ɗalibar da ta taso a Zariya ko Maraɗi, idan aka tambaye ta ko abokanta suna dogara da ita wajen yanke hukunci, kunya tana iya sa ta zaɓi "na ɗan yarda" a inda takwararta ta Kalifoniya za ta zaɓi "na yarda ƙwarai", alhali halinsu ɗaya ne. Haka nan jumlar da ta shafi karɓar maganar manya tana iya haɗa abubuwa biyu da mu muke rarrabewa: ladabin rashin katse babba a bainar jama'a, da kuma miƙa masa hankali gaba ɗaya. Mutum yana iya yin shiru a zaure, ya koma ya binciki maganar, ya dawo ta hanyar da ta dace ya nuna kuskuren, kuma wannan tantancewa ce cikakkiya. Al'ummar da ta gaji ilimin hadisi, inda ake bin diddigin masu ruwaya ɗaya bayan ɗaya kafin a karɓi magana, ba baƙuwa ba ce ga wannan ɗabi'a. Ba ina cewa ba mu da matsalar makauniyar biyayya ba. Muna da ita, kuma tana cutar da mu a asibiti da ofis da siyasa. Abin da nake cewa shi ne ma'aunin da bai iya raba ladabi da miƙa wuya ba zai ba mu lambar da ta cakuɗa su. Idan aka ƙara da cewa ɗalibi zai amsa da Turanci, harshensa na biyu ko na uku, kuma jumloli da yawa a juye suke, to wani ɓangare na makin zai zama awon fahimtar Turanci ne kawai.

Ta fuskar ciniki, kaya ne na kamfani, jumlolinsa da mabuɗin makinsa ba a sake suke ba. Hujjar kamfanin a bayyane take, domin jarrabawar da amsoshinta suka bazu ta mutu, kuma a madadin haka mai saye yana samun tsari mai sauƙi, sakamako nan take, da dogon tarihin bincike na fiye da shekara 30 da zai kwatanta nasa da shi. Wannan tarihi shi ne abin da ake biya wa kuɗi a haƙiƙa. Illar rufewar ita ce malami ba zai iya ɗaukar jumla ɗaya ya ga yadda ajinsa suka amsa ta ya gyara lafazinta domin ta dace da muhallinsa ba sai da izini. Kuma tun da da dala ake ciniki, kuma kowane mai amsawa da kuɗinsa, sashen da yake son auna ɗalibai a shekarar farko ya sake auna su a ta ƙarshe sai ya yi lissafi sau biyu, abin da ba ƙaramin nauyi ba ne ga makarantar da ke tara kuɗinta da naira ko sefa.

Wanda aljihunsa bai kai ba yana da wasu hanyoyi, kodayake babu wadda ta rufe faɗin da CCTDI ya rufe. Ma'aunin son yin tunani da John Cacioppo da Richard Petty suka fitar a 1982, wanda aka taƙaita zuwa jumloli 18 a 1984, yana auna jin daɗin aikin ƙwaƙwalwa ne kawai, kuma jumlolinsa a buɗe suke a mujallun bincike. Keith Stanovich da Richard West sun fitar da nasu a 1997 a kan shirin sauya ra'ayi idan hujja ta zo, wanda ya yi kusa da kashin neman gaskiya. Duka biyun su ma mutum ne ke ba da labarin kansa. Wanda ya fita daban shi ne gwajin tambaya uku na Shane Frederick na 2005, inda ake cewa sanda da ƙwallo sun kama dala 1 da santi 10, sandar ta fi ƙwallon tsada da dala 1, nawa ne kuɗin ƙwallon? Amsar da ke faɗowa a rai ita ce santi 10, amsar daidai kuwa santi 5 ce, kuma wanda ya samu ya nuna a aikace cewa ya tsaya ya tuhumi amsarsa ta farko. Rauninsa shi ne tambayoyin sun bazu har mutane da yawa sun haddace su, kuma yana jingina da lissafi.

Ga sashe ko makarantar da ta yanke shawarar saye, hanyar da na ga ta fi dacewa ita ce a gaya wa ɗalibai tun farko, kuma a cika alkawarin, cewa makin ba zai shiga sakamakon zango ba, ba kuma za a yi wa kowa hukunci da shi ba, domin wannan ne kaɗai zai sa su amsa da gaskiya. A karanta sakamakon a matsayin na aji, kashi-kashi, a fi mai da hankali ga neman gaskiya, sannan a koma wa ɗaliban da shi a tattauna, domin muhawarar da ke tashi idan aji ya ga cewa a nan ya fi rauni tana iya fin lambar kanta amfani. A haɗa shi da abin da ido ke gani: aikin rubutu da ake tilasta wa ɗalibi ya kawo hujja mafi ƙarfi da ta saɓa wa matsayinsa, da rahoton masu kula da shi a asibiti ko wurin koyon aiki. Kafin a biya kuɗin ɗaruruwan ɗalibai, a fara da rukuni ƙarami, a zauna da wasu daga cikinsu bayan sun gama a tambaye su yadda suka fahimci jumlolin da abin da ya sa suka zaɓi abin da suka zaɓa. A kuma nemi kamfanin ya bayyana a rubuce wane rukunin mutane ne za a kwatanta makin ɗalibanmu da nasu, a ina ake ajiye bayanan waɗanda suka amsa, da kuma wa yake da ikon ganin su.